Faifan Da Ya Ƙi Magana A Mota

Duk wanda ya zauna a ajin yaƙi da jahilci ya san rubutun Hausa iri biyu ne, akwai boko, akwai ajami. In aka miƙa wasiƙar ajami ga wanda boko kaɗai ya koya, sai ya jujjuya ta, ya mayar wa mai ita. Takardar ba ta lalace ba, idon mutumin kuwa lafiya lau. Abin da ya hana shi karantawa ɗaya ne, ba a rubuta ta da baƙaƙen da ya sani ba. To, rediyon mota mai cin faifai shi ma makaranci ne, yana da rubutun da ya iya da wanda bai iya ba. Rashin sanin wannan ya sa mutane da yawa asarar kuɗi, ya kuma kusa sa wani dattijo asarar abin da ya fi kuɗi.

Dattijon nan direba ne, yana zaune a Unguwar Kanawa, arewacin Kaduna, yana jigila daga tashar Kawo zuwa Zariya. Tun zamanin Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kakuri a 1975, ya ke tara kaset. Yana da na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Amma akwai kaset ɗaya da ya fi ƙauna. A ciki mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya ke ba da labarin tasowarsu daga Kano zuwa Kaduna, da sunayen kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Zaren kaset ɗin ya soma saki, muryar tana rawa. Ga shi kuma motar da ya saya daga baya, 'yar Kwatano, ba ta da wurin kaset, sai wata siririyar kafa ta faifai.

Sai ya kira ɗan ƙanwarsa, wani saurayi mai kwamfuta, ya damƙa masa kaset ɗin duka. Yaron ya kwashe muryoyin ya zuba a kwamfuta, ya ɗora su a faifai guda, ya kawo yana murna. Ya ce, "Kawu, ga su nan gaba ɗaya, in ka kunna a Kawo, sai ka je Kano ka dawo ba su ƙare ba." Aka tura faifai, rediyo ya haɗiye, ya yi ɗan gurnani, ya tofo shi. Aka sake, ya sake tofowa. A ɗaka kuwa, cikin kwamfuta, faifan nan yana magana tangaran.

Kafin a ga dalili, ya kamata mai karatu ya san yadda faifai ya ke. Kamfanonin Philips da Sony su suka fito da shi kasuwa a 1982. Faɗinsa santimita 12 ne. Ba allura ke bin sa ba kamar faifan garmaho, wani siririn haske ne. Rubutun yana kan layi ɗaya da ya naɗe kamar faifan kaba, daga tsakiya zuwa baki, in da za a warware shi sai ya wuce kilomita 5. Faifan kamfani da ƙananan ramuka a ke buga shi. Na gida kuwa, wanda a ke rubuta wa CD-R, wani rini ne a shimfiɗe cikinsa, hasken kwamfuta ya bi yana babbaka shi ɗigo ɗigo. Rediyo ya haska, ya karanta hasken da ya komo masa.

Direba ya ce rediyon ne ya mutu, gobe zai kai a ciro shi. Amma da ya ke ya yi yaƙi da jahilci yana saurayi, ya saba da abu ɗaya, watau kada ya yanke hukunci a kan abin da ke da rubutu sai ya karanta. Ya sa tabarau, ya bi baƙaƙen da ke goshin rediyon. Ya ga C da D. Ya ɗauki faifan, ya ga yaron ya rubuta MP3 da alƙalami. Ya ce, "Kai yaro, wannan sunan na kan faifai ban gan shi a jikin rediyo ba." Yaro ya duba, ya ce, "Wallahi Kawu, ka gano ta."

Ga abin da ya gano. Rubutun faifai na asali bai ɗaukar fiye da minti 74 ko 80, da waƙa 99. MP3 kuwa matsattsen rubutu ne, da shi faifai guda ya kan ɗauki wajen awa 10. Rediyon motocin da aka ƙera kafin shekara ta 2000, galibinsu rubutun asali kaɗai suka iya. Wasiƙar ajami ke nan a hannun ɗan boko. Ba abin yi sai a umurci kwamfuta ta yi faifan sauti irin na asali, a haƙura da minti 80.

Yaro ya koma ya yi haka, amma don tsimi ya ɗauko faifan da a ke gogewa a sake rubutawa, mai alamar CD-RW. Rediyo ya ƙi. Dalili, hasken da irin wannan faifai ke mayarwa bai kai rabin na faifan kamfani ba, kuma sai a 1997 aka fito da shi. Ga tsohon rediyo, kamar rubutun fensir ne da magariba. Haka nan faifan DVD, ko da ya ke girmansu ɗaya, ramukansa sun fi ƙanƙanta, idon rediyon bai ganinsu sam.

A karo na uku aka sami CD-R, aka rubuta daidai, amma yaro ya bar shi a buɗe don ya ƙara waƙa daga baya. Nan ma shiru. Gama kowane faifai yana da jerin abin da ke ciki, can kusa da tsakiya, kamar shafin farko na littafi, shi rediyo ke fara nema. Kwamfuta ba ta rubuta jerin nan sai an ce ta rufe faifan. Da aka rufe, aka tura, sai ga muryar tsoho ta cika motar, yana lissafa kakanninsa. Direba ya kashe inji, bai ce kome ba har labarin ya ƙare.

Sauran abin da ya koya, hanya ce ta koya masa. Faifan da aka rubuta da gaggawa ya fi yawan tsalle in mota ta faɗa rami, saboda haka a rage wa kwamfuta gudu, gama sauri ya kan haifi nawa. Ƙurar hunturu tana rufe idon rediyo. Faifan da aka bari a gaban gilashi cikin zafin bazara, rininsa ya kan ɓaci. In za a share shi, a sa tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, kada a bi da'ira. Kada kuma a manna masa takarda, don tana iya ɓamɓarewa ta maƙale a ciki.

Akwai magana biyu da suka rage. Ta fari, waƙa gumin mai ita ce. Wanda ya kwafi ta wani yana sayarwa ba da izni ba, ya ci haƙƙin mawaƙi da magadansa, dokar ƙasa ma ta hana. Ta biyu, shi kansa faifan ba mai dawwama ba ne. Ya ture kaset kamar yadda kaset ya ture garmaho, ga shi yau yawancin sababbin motoci ba su zuwa da kafarsa, sai wurin filashi da haɗin waya. Saboda haka wanda ke da muryar iyaye a kaset ko a faifai, kada ya jira sai zare ya tsinke. Ya sa a juye ta tun tana fita, ya ajiye a wuri biyu ko uku, ya ba 'yan'uwa su ma su riƙe. Ya kuma rubuta a takarda ko wane ne ke magana, da shekarar da aka ɗauka, domin jikokin da ba su san muryar ba su san mai ita.