Mudu da Tiya a Cikin Kwamfuta

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu rubuta manhaja, ni ma na sha tsunduma cikinta. Shin ya kamata harshen da kake rubutu da shi ya dinga sa ido kan nau'in kowane abu, wannan lamba ce, wannan rubutu ne, ya kuma hana ka cakuɗa su? Ko kuwa ya sakar maka mara ka yi yadda kake so?

Mai karatu, ga misali. A harshen JavaScript, idan ka rubuta "5" + 1, wato biyar ɗin a matsayin rubutu, amsar da za ta fito ita ce "51". Idan ka ce "5" - 1, sai ya ba ka 4. Ba zai yi maka ko tari ba. Python kuwa zai tsaya cak ya ƙi haɗa rubutu da lamba, amma sai aikin ya iso wannan layin. Irin su Java da Rust ba sa bari ma ka kunna manhajar sai ka daidaita nau'o'in tun farko.

Masu ƙin wannan tsauri suna da hujja, kuma ba na raina ta. Yana cin lokaci. Ƙaramin aikin da za ka gama kafin la'asar sai ya kai ka magariba kana lallashin na'ura. In dai rubutun layi ashirin ne da zan yi amfani da shi sau ɗaya in jefar, wallahi ba na wahalar da kaina.

Inda nake rabuwa da su shi ne aikin da zai daɗe. Na taɓa gadar wata manhajar biyan kuɗi daga hannun wanda ya bar aiki. Wani ɓangare yana lissafi da Naira, wani da kwabo, duka biyun kuma lamba ce kawai a idon kwamfuta. Ga lambobin waya an ajiye su a matsayin lamba, sifirin farko na 080 ya ɓace. Mai rubutun ya san abin da yake nufi, amma ya tafi da saninsa. Nau'in da aka rubuta a fili shi ne wasiyyar da ba ta ɓacewa. Ba mamaki Microsoft ta fitar da TypeScript a 2012 don ɗora wa JavaScript nau'i, Python ma ya buɗe ƙofar rubuta nau'i a 2015.

Sai dai kada a ɗauka tsaurin laya ce. Rokar Ariane 5 ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, ƙasa da minti ɗaya da tashinta, alhali an rubuta manhajarta da Ada, harshen da ya yi suna wajen tsauri. An tura lamba mai gurbi 64 cikin mazubi mai gurbi 16, ba ta shiga ba. A 1999 kuma hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wani ɓangare yana ba da ƙarfin turi da ma'aunin fam, ɗayan yana karɓa a matsayin ma'aunin Newton. Kamar mai awo ya ce maka "goma", kai kana nufin tiya, shi yana nufin mudu. Duk lamba ce, don haka mai binciken nau'i ba zai ga laifi ba.

Wannan ya sa a wancan aikin ban tsaya ga cewa "lamba" ba. Na ƙirƙiri nau'i mai suna Kwabo, da wani mai suna Naira, da hanya ɗaya tak ta juya wannan zuwa wancan. Ya ci mini kwana biyu. Da na sake kunna binciken, sai ga jerin wuraren da ake tara Naira a kan kwabo sun fito ɗaya bayan ɗaya, har da wani a lissafin albashin ƙarshen wata.