Layin da na tsaya a kai ba shi ne muhimmi ba

Na shafe kusan shekara biyu ina shan maganin sanyi kafin wata likita ta ce a ɗebi jinina. Al'adata takan yi wata uku ba ta zo ba, gashi ya fara tsiro mini a haɓa, dangin miji kuma suna ta lissafin shekarun aurenmu.

Da sakamakon ya fito, idona ya tsaya kan sinadarin LH, wanda ya ninka FSH. Na kwana ina bincike a intanet, na yanke wa kaina hukunci. Likitar ta ture wannan layin gefe, ta ce ba da shi ake tabbatar da PCOS ba. Ma'aunin da masana suka amince da shi a Rotterdam a 2003 ya ƙunshi alamu uku, biyu sun wadatar: rashin fitar ƙwai a kan kari, yawan sinadarin maza kamar testosterone ko alamunsa a jiki, da tarin ƙananan ƙwayaye a ma'ajiyar ƙwai idan an yi hoto. Kafin nan sai an gwada TSH da prolactin, domin matsalar maƙoshi ma tana rikita al'ada. Wadda ke shan ƙwayar tsarin iyali kuwa, awon testosterone ɗinta ba abin dogaro ba ne sai ta dakata na kimanin wata uku.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tambayar da ta yi mini kafin ta ɗauki biro: «Hajiya, haihuwa kike nema yanzu, ko daidaita al'ada?» Maganin ya dogara ne da amsar. Mai neman daidaito akan ba ta ƙwayar tsarin iyali, wadda ke kare bangon mahaifa daga yin kauri, haɗarin da ban taɓa jin an ambata ba a duk shekarun maganin sanyin. Mai neman ciki kuwa letrozole ake fara gwada mata, wanda yanzu ya sha gaban clomiphene. Metformin na taimakawa idan jiki ba ya sauraron insulin, shi ya sa aka aike ni gwajin sukari, na sha ruwan zaƙi na jira awa biyu.

Na ce ciki nake nema. Ta rubuta letrozole na kwana biyar, ta ce zagaye na gaba mu zo tare da maigidan, shi ma akwai nasa gwajin.