Tsohuwar wayar Yaya da rigimar systemd

1/ Jama'a, zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa. Wayar da Yayana ya bar min ta 2018 ce, mai Snapdragon 845. Allo lafiya, batir da sauran ƙarfinsa, amma sabuntawar tsaro ta tsaya tuni. Kuɗin sabuwa kuwa, kun san aljihun ɗan makaranta.

2/ Sai na sa mata postmarketOS. Linux ne na waya, an fara shi a 2017 a kan Alpine Linux. Burinsu waya ta yi shekara 10 tana aiki.

3/ Ga tushen matsalar: kusan kowace wayar Android da nata kanel ɗin Linux da aka yi wa kwaskwarima. Ranar da kamfani ya daina kula da shi, nan zai tsufa. Su kuma suna ƙoƙarin mayar da wayoyi kan babban kanel, wanda Debian da Fedora ke ɗauka.

4/ A Maris 2024 suka ce za su ɗauki systemd, wato manhajar da ke tada sauran manhajoji in an kunna na'ura. Alpine kuwa OpenRC take amfani da shi. Wlh har haushi na ji. Na gudu daga abin da kowa ke yi, kuma a mayar da ni can?

5/ Sai wata rana Bluetooth ya ƙi tashi. Duk amsar da na samu a intanet da systemctl take farawa, ni kuma ba ni da shi. Kwana biyu ina fama. Nan jikina ya yi sanyi.

6/ Ashe abin da masu aikin ke sha ke nan kullum. GNOME da KDE sun jingina da sassan systemd, dole ake yin faci irin su elogind. Galibinsu 'yan sa-kai ne. Lokacin da facin ke ci, da kyamara da kira aka ba shi.

7/ Sigar v25.06 ta zo da systemd. Ba a kori OpenRC ba, Sxmo na nan a kai.

8/ Kar in ruɗe ku: kyamarata har yau sai a hankali, manhajar banki babu. Da ƙaramar waya nake tura kuɗi. In wayarka ɗaya ce tak, don Allah kar ka goge ta.

9/ Amma umarnin da nake bugawa a wayar nan yanzu, shi nake bugawa a Ubuntu ɗin kwamfutata. Wa ke da tsohuwar waya a durowa? Faɗi sunanta, mu duba ko tana jerin waɗanda ake tallafawa.