Ga Inda Ɗalibanmu Na Fiziks Za Su Samu Alƙaluman Nukiliya Kyauta

Wannan rubutu na yi shi ne saboda iyayen da 'ya'yansu ke karatun kimiyya a jami'o'i da kwalejojin da ke kewaye da mu a nan kudu, da su ɗaliban kansu, musamman masu fiziks da masu karatun ɗaukar hoton asibiti.

Ni ba masanin nukiliya ba ne, difloma gare ni, aikina riƙe takardu. Amma shekarun da na yi ina rubuta bayanan taro sun koya mini cewa adadin da ba a san wanda ya faɗe shi ba, ba a san ranar da aka rubuta shi ba, jita-jita ne ko da an buga shi da injin. Da wannan idon na duba takardun da ɗan ƙanena ke karantawa lokacin da yake haɗa aikinsa na shekarar ƙarshe. Kwafi ne na kwafi, wasu lambobin sun dishe, babu shekara, babu sunan littafi. Littafin da aka ce ya saya kuma kuɗinsa ya kusa hayar ɗakinsa. Muka zauna da waya muka yi ta bincike, kuma abin da muka gano shi ne ainihin rumbunan da masana ke ɗibar waɗannan alƙaluma a buɗe suke, ba a biyan ko kwabo.

Idan tambayar ta shafi ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi zarra ce, wato furoton, niyutiron, ilektiron da 'yan uwansu, a nemi Particle Data Group. Cibiyarsu tana ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Kalifoniya, Amurka, kuma aikin ya faro tun 1957. Duk bayan shekara biyu suna fitar da kundin Review of Particle Physics. A can za ka ga nauyin furoton 938.27 MeV, na niyutiron 939.57, na ilektiron 0.511. Abin da ya fi burge ni shi ne kowane adadi na tafe da iyakar kuskurensa da jerin gwaje-gwajen da aka samo shi. Misali, niyutiron da ke shi kaɗai yakan rayu kusan minti 15 kafin ya rushe. Masu tara shi a cikin mazubi su ƙirga sun samu kusan daƙiƙa 878, masu auna shi yana tafe sun samu kusan 888, har yau ba a daidaita ba. Kundin bai ɓoye wannan saɓani ba. Wanda zai gaya maka inda ake gardama a kan maganarsa, shi ne abin yarda.

Idan kuma tambayar ta shafi cibiyar zarra ce da yadda take rushewa, wurare biyu ne. Na farko NuDat, na cibiyar alƙaluman nukiliya da ke Brookhaven a jihar New York. Na biyu LiveChart, na hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Viyana a Ostiriya. Dukansu taswira ce mai ƙananan gidaje sama da 3,000, kowane gida nau'in cibiya ɗaya ne. Ka danna gida, sai ya nuna maka tsawon lokacin da rabin sinadarin ke ɗauka ya rushe, da irin hasken da yake fitarwa. Kobal-60, wanda ake amfani da shi wajen gashin ciwon daji, rabinsa na tafiya cikin shekara 5.27. Ayodin-131 kwana 8 ne. Teknishiyam-99m, da ake ɗaukar hoton cikin jiki da shi, awa 6 kacal. Yuraniyam-238 kuwa shekara biliyan 4.47. Ka ga ke nan kuskure a nan ba na jarrabawa kaɗai ba ne: ma'aikacin da bai lissafa raunin da kobal ya yi ba, zai ba majinyaci abin da bai kai ba.

Mai neman abin da ke faruwa idan an harbi cibiya da niyutiron ko furoton, sai ya shiga EXFOR, shi ma ana samunsa a shafukan IAEA da Brookhaven. Sakamakon gwaje-gwaje sama da 20,000 aka tara a ciki. Yana da ɗan wuyar sha'ani a karon farko, sai an san yadda ake rubuta sinadarin da abin da aka harbe shi da shi, don haka gara ɗalibi ya fara da malaminsa a gefe.

Na san matsalarmu data ce da wuta. IAEA na da manhajar waya mai suna Isotope Browser, idan ka sauke ta sau ɗaya tana aiki ba tare da intanet ba. Kundin Particle Data Group kuma babi-babi ne, ka sauke wanda kake buƙata kawai.

Wani zai ce ai fiziks ba ya canzawa, tsohuwar takarda ma ta isa. Yana canzawa. An daɗe ana koyar da cewa ƙwayar niyutirino ba ta da nauyi, sai gwajin Super-Kamiokande a Japan ya nuna akasin haka a 1998, aka ba da kyautar Nobel a kan binciken a 2015. Ƙwayar Higgs kuwa sai a 2012 aka gano ta a CERN kusa da Janiba. Takardar da ta girmi waɗannan shekaru za ta sa yaro ya haddace abin da aka wuce.

Kuma kada a ɗauka wannan ilimi na ƙasashen waje ne kawai. A Zariya akwai ƙaramin injin nukiliya na bincike, NIRR-1, a Jami'ar Ahmadu Bello, yana aiki tun 2004. Ana saka samfurin ƙasa ko dutse a ciki, niyutiron ya doke shi, daga hasken da ya fitar a gane sinadaran da ke ciki, kuma da irin waɗannan alƙaluma ake fassara sakamakon. A Ile-Ife ma, Jami'ar Obafemi Awolowo na da cibiyar binciken makamashi. Guraben aiki ne da yaranmu za su iya nema.

Shawarata ga ɗalibai: duk adadin da za ka saka a aikinka, rubuta inda ka samo shi da shekarar bugun, ka haɗa da iyakar kuskurensa. Idan ka gan shi a Wikipedia ko a wani guruf na WhatsApp, koma tushe ka tabbatar. Iyaye kuma, kafin a ci bashi don sayen littafin alƙaluma, a tambayi yaro ko ya leƙa waɗannan wurare. Wanda ya san ɗalibin da wannan zai amfana, ya tura masa. Allah Ya ba yaranmu sa'a.