Gidan tsufan Baba: sabon fili a bayan gari ko tsohon gida cikin unguwa?



Makon jiya, cikin shirinmu na dare, wani dattijo ya kira waya. Ya ce saura wata bakwai ya yi ritaya, yana da 'yan kuɗin da ya tara, kuma ya rasa abin yi: ya sayi fili cikin sabon lotisma ya gina, ko ya sayi tsohon gida cikin gari ya gyara? Na ba shi amsa irin tamu ta 'yan rediyo, na ce kowane da amfaninsa, Allah ya zaɓa mafi alheri, muka wuce zuwa gaisuwa. Da na koma gida abin ya dame ni, don na san wannan magana fiye da yadda na nuna. A gidanmu aka yi ta, kuma ni ne na fi kowa ɗaga murya a lokacin.

Mahaifina mushen lakkol ne. Shekara talatin da 'yan kai yana riƙe da alli, daga ƙauyukan Tanut zuwa Gure, daga Mirya zuwa Magarya. Mu 'ya'yansa kowa da garin da aka haife shi. Duk tsawon wannan lokaci bai taɓa kwana a ɗakin da yake nasa ba: ko gidan darakta a cikin lakkol, ko gidan haya. Gidan kakanmu a ƙauye an raba shi tun ina ƙarami, rabon Baba bai wuce wurin ɗaure akuya biyu ba, ya bar wa ƙannensa mata. Da ya aje aiki a 2022 ya ce Matameye zai zauna, kusa da dangi, kusa da likita, kusa da gonarsa. Abin da ke hannunsa, in aka haɗa ajiyarsa da kuɗin shanu biyu da ya sayar da ɗan abin da muka tara masa ni da yayata, ya kai miliyan biyar na sefa. Duk abin da ya tara ke nan a rayuwarsa, kuma ba shi da wani albashi a gaba da zai sake tara irinsa.

Ni sabon fili na so. Dillali ya kai mu bayan gari, ya nuna mana fili mita 400, turakun siminti a kusurwa huɗu, takardar mairi a hannu, wadda muke ce wa akt da sesiyon. Fili fes, iska na kaɗawa. Nan take na fara zana gida a raina: ɗaki biyu da falo, bulo na siminti, rufin kwano, makewayi na zamani da tsoho zai zauna bisa ba sai ya tsuguna ba, don gwiwoyin Baba sun fara ba shi wahala. Na ce masa ba wanda ya mutu a wannan wuri, ba wanda zai zo gobe ya ce kakansa ne ya dasa bishiyar.

Baba ya zagaya filin sau ɗaya, hannu a baya, kamar yadda yake zagaya aji ranar jarrabawa. Ya tsaya ya ce, “To ɗan rediyo, ina masallaci?”

Dillali ya nuna wani wuri can da nisa, ya ce an ware fili, za a gina in sha Allah. Baba ya ce ina famfo? Za a jawo. Wuta fa? Turaku suna tafe. Baba ya yi murmushi ya ce, “Komai nasu yana tafe. Ni kuma tafiya nake.” Na ji haushin maganar a ranar, na ɗauka gardamar tsufa ce.

Tsohon gidan kuwa yana cikin gari, a wani lungu da mota ba ta shiga sai kabu-kabu da amalanke. Ginin ƙasa ne, da zaure, da ɗaki uku, rufin azara, da dalbejiya babba a tsakar gida. Akwai famfo, akwai kwantar wuta. Masallacin unguwa taku sittin ne daga bakin zaure, na ƙirga da kaina daga baya. Amma yaɓen ya zube ta gabas, indararo ɗaya ya karye, salgar ta kusa cika, kuma da ka shiga ɗakin ƙurya za ka ji warin jemage. An yi masa kuɗi miliyan huɗu. Na ce wa Baba wannan ai sayen wahala ne.

A nan zan ɗan kauce. Lokacin da muke wannan ja-in-ja na karanta labarin wani gari a Amurka, a jihar Arizona, mai suna Sun City, wanda wani ɗan kasuwa Del Webb ya buɗe ranar 1 ga Janairun 1960, don tsofaffi zalla. Sai gida yana da mai shekara 55 ko fiye ake zama, kuma yara ƙanana ba su da izinin zama dindindin, sai dai ziyara. Su ma can muhawarar da suke yi ke nan, sabon gini ko wanda wani ya zauna ya bari. Na ba Inna labari, ta riƙe baki ta ce, “Gari ba yara? To wa ake aike?” Dariya muka yi, amma tambayarta ta zauna mini. Su can sun gina wa tsoho kanti da wurin hira a cikin unguwar kafin ya tare. Mu nan abin da ke riƙe da tsoho shi ne yaron maƙwabta da zai sayo masa goro, da mai shayin bakin titi, da liman da zai lura bai fito asuba ba ya aiko a duba. A sabon lotisma sai an yi shekaru kafin a samu waɗannan, kuma mai shekara sittin da wani abu ba ya lissafin shekaru yadda ni nake yi.

Baba ya zaɓi tsohon gida. Kuma a nan ne abin da nake tsoro ya same mu.

Gidan na gado ne. Mai shi ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya bakwai. Babban ɗan ne ya kawo mu, ya rantse kowa ya yarda. Muka ba da kafin alƙalami jaka 500 a gaban shaidu biyu, aka rubuta a takardar kaye ta 'yan lakkol. Bayan sati uku sai ga saƙon murya ta WhatsApp daga wani ƙanensu da ke aiki a Libiya: shi ba a shawarce shi ba, ba ya sayar da rabonsa, in ma sayarwa za a yi shi ya fi cancanta ya saya. Muka je wurin wani malami, ya ce yaron yana da hujja. A fiƙihun Malikiyya akwai abin da ake kira shuf'a: in gida na tarayya ne ba a raba ba, abokin tarayya yana da haƙƙin ya karɓi rabon da aka sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya. Ni da na yi lise, na iya faɗin tarihin juyin juya halin Faransa na 1789, ban taɓa jin wannan kalma ba sai ranar.

Wata biyar muka yi a haka. Kuɗinmu a hannun mutane, an riga an taɓa su, gida kuma ba namu ba. Baba yana zaune a gidan haya yana biya daga fansho. Ba ya magana, amma na ga ya rame. Ni kuma, Allah ya yafe mini, sau biyu na ce masa, “Da ka ji maganata.” Karo na biyu Inna ta kira ni madafa ta ce kar in ƙara.

Mai unguwa ne ya kashe wutar. Ya tara magadan, aka kira na Libiya a waya aka sa a lasifika, aka yi ta magana har la'asar. Ashe ba gidan yake so ba, tsoro yake a cinye rabonsa yana nesa. Aka yi lissafi a gabansa, aka fitar wa uwar tumuninta, aka raba saura namiji rabon mata biyu, ya wakilta kawunsa ya karɓar masa. Sannan aka rubuta takardar sayarwa, kowane magaji ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, mai unguwa ya sa hatimi, muka kai mairi aka tabbatar. In da wanda zai tsinci wani abu a wannan rubutu, to ya tsinci wannan: kar ka ba da ko dala a kan gidan gado sai ka ƙirga magada da kanka, ka ji muryar kowane, har matan da ke gidan aure a wani gari. Kuma kar mai sabon fili ya yi dariya, don mun sha karɓar kiran mutanen da aka sayar wa fili ɗaya su biyu, kowa da takardarsa.

Suka tare a farkon 2023. Miliyan ɗaya da ta rage ta tafi a sabuwar salga, da yaɓe, da dabe na siminti a ɗaki biyu. Muka ce ɗakin gabas sai baɗi. A ƙarshen Yulin wannan shekara aka yi juyin mulki, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, kuma ku da kuke nan kun san yadda kayan gini suka yi a garin da rabin kasuwarsa ta Ɗan Barto take shigowa. Baɗi ta zo ba mu gyara ba.

Daminar 2024 ba sai na ba kowa labari ba. Ita ce daminar da tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba, mutane suna ɗauka a waya. Kwana kaɗan kafin nan, wajen ƙarfe uku na dare, bangon gabas na gidan Baba ya kwanta. Allah ya sa jikokin da ke kwana a ɗakin an maida su wurin Inna saboda yoyo. Da na iso da fitilar waya, na tarar da maza sun fi goma a tsakar gida cikin ruwa, wasu da shebur, wasu suna fitar da buhunan hatsi, wani maƙwabci ya riga ya kwashe yaran zuwa gidansa. Ba wanda ya kira su, ƙarar faɗuwar suka ji.

Na tsaya ina kallo, zuciyata biyu. Gidan da na ce kar a saya ga shi ya faɗi kamar yadda na faɗa. Mutanen da Baba ya saya tare da gidan kuma ga su.

Akwai abokin Baba, tare suka yi ritaya, shi ya bi shawara irin tawa. Ya gina a bayan gari, siminti da kwano, ko ɗigo bai shiga ɗakinsa ba a wannan damina. Gidansa ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, kuma in an tashi sayarwa zai fi namu kuɗi, don gari can yake tafiya. Amma har yau 'yan garuwa ke kawo masa ruwa, da faranti mai hasken rana yake cajin waya, kuma ran da hawan jini ya kayar da matarsa da dare sai da ya yi kira huɗu kafin ya samu mai babur. Kullum da hantsi yana hawa kabu-kabu ya zo zauren Baba, su sha shayi, su yi gardamar siyasa da ta nahawun Faransanci, ya yi azahar da la'asar a masallacin unguwarmu, sannan ya koma. Baba yana tsokanarsa wai ya gina otel ne, nan ne gida. Shi kuma ya ce aƙalla otel ɗinsa ba ya faɗo wa mutane a ka.

Da gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na 2024, muka sayi tan biyu, muka tada ɗakin gabas da bulo. Yanzu gidan rabi ƙasa rabi siminti, ba shi da kyan gani ko kaɗan. In na haɗa duk abin da aka kashe, ya wuce abin da sabon gini zai ci a lissafina na farko, ko da yake magina sun ce lissafin nawa ma na wanda bai taɓa gini ba ne.

Abu ɗaya ne ban hango ba, ni da ke ganin na fi kowa lissafi. Ranar da aka gama ɗakin, Inna ta sa Baba ya zauna, ta ce ta ga abin da ya faru da matar mai gidan nan: shekara arba'in a ɗaki, aka ba ta tumuni a leda, ta koma gidan ƙanenta. Ta ce ita ba za ta ƙara tashi ba, ta gaji da ɗaure kaya tun Tanut. Baba ya yi shiru. Bayan sallar Juma'a ya kira mai unguwa da liman da mu 'ya'yansa, ya ce ya ba ta sabon ɗakin da filin gabansa kyauta, tun yana da rai da lafiya, aka rubuta, ta karɓi makulli a gaban kowa. Yayata ta yi kuka. Ni aka ba takardar in kai a buga mata hoto, kofi uku.

Baba mai kiran waya, in kana karanta wannan ko wani ya karanta maka, ka sake kira ranar shirin. Ka zo da amsar abu uku: magada nawa ne a tsohon gidan, taku nawa ne daga sabon filin zuwa masallaci, kuma me Hajiya ta ce.