Zuwa ga aminiyata a Maiduguri

Aminiyata,

Saƙonki ya iso. Da gangan na ƙi kiranki, don na san halinki: da kin ɗaga waya za ki ce lafiya lau, ki karkatar da hirar zuwa bikin ƙanwarki.

Kin ce wata baiwar Allah ta zauna gabanki tana ba ki labarin yadda aka kashe mijinta, ke kuwa hankalinki na can kan ko an ɗora tukunya a gida. Har kina tambayata ko zuciyarki ce ta ƙeƙashe. Wallahi ba ƙeƙashewa ba ce. Tun 2009 garinku ke cikin wannan masifa, kuma a kunnuwan irinku ake juye labarin. An rufe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a 2021, amma matan ba su daina sallama a ofishinku ba. Ana cikin haka madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya shanye gari, da masu lallashi da waɗanda ake lallasa duk aka kwana a waje. Wa ya zaunar da ku ya ce ya kuka ji da wannan?

Abin nan ba a kanki aka fara ba. Wata mai suna Carla Joinson ta yi rubutu a kansa a 1992. A 1995 kuma Charles Figley, Ba'amurken da ya daɗe yana aiki da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam, ya fitar da littafi sukutum. Abin da ya lura da shi shi ne, mai yawan sauraren waɗanda suka ga tashin hankali, a hankali sai ciwon ya naso shi: mugun mafarki, firgita, rashin barci, faɗa da yara ba gaira ba dalili, sannan tausayin ya ɗauke ɗif. Wannan daban yake da gajiyar yawan aiki, don yakan bi mutum har hutunsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne maganin da ake kawo mana. A tara mu a otal taron bita, a ce mu lumshe ido mu ja numfashi, a raba kuɗin mota, Litinin kowa ya koma ya tarar da layinsa ya ƙaru. Jan numfashin yana da amfani, ban musa ba, amma ya mayar da nauyin kanki ke kaɗai. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ma sai a Janairun 2023 Buhari ya sa mata hannu, ta maye gurbin ta 1958. To ina numfashi zai cike wannan giɓin? Ki je wa shugabarki da buƙata biyu ƙarara: a rage miki masu labari mai nauyi a rana, a kuma ba ki wata babba a aikin da za ki riƙa zama da ita duk mako kina sauke abin da kika kwaso. Haƙƙinki ne, ba alfarma ba.

Na san za ki noƙe, wanzami ba ya son jarfa. Kuma kina ganin hutawa ragon imani ne. Ki tuna yadda Salmanul Farisi ya tilasta wa Abu Darda cin abinci da yin barci, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salman. Saboda haka ki daina ba matan lambarki ta gida, ki kashe ta aiki bayan isha'i. Bikin ƙanwarki kuwa ki je, ki yi lalle, ki yi rawa. In barcin bai dawo ba, ki ga likita a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke nan garinku, masu surutu su yi ta yi.

Ki gaida Baban yara da su Hajiya. Turaren wutan nan ya ƙare tun tuni, in kin samu mai tahowa ki tuna da ni. Zan kira ki Juma'a bayan la'asar, kuma ba zan karɓi lafiya lau ba.

Wassalam,
Taki aminiya