Masaukin Jimina Da Labarin Fatalwarsa

 A makon nan filinmu zai kai mu nesa, har ƙasar Ingila, wani ƙauye da ake kira Colnbrook. Abin da zai kai mu shi ne wani tsohon masauki na bakin hanya, wanda ake cewa fatalwa tana yawo a cikinsa da dare. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka Bature ba ya tsoron kome sai abin da ya gani da idonsa. To, 'yar'uwa, biyo ni ki sha labari.

Ƙauyen yana yamma da birnin Landan, tafiyar kamar mil 17. In kin taɓa jin sunan Heathrow, babban filin jirgin sama wanda aka buɗe wa fasinja a 1946, to, Colnbrook yana jikinsa daga yamma. Duk 'yan mintoci kaɗan sai jirgi ya ratsa ta kan rufin gidaje da rugugi. Amma da kin shiga babban titin ƙauyen sai ki ga kamar an mai da ke baya shekara ɗari huɗu. Titin siriri ne, gidaje sun matse shi dama da hagu. A nan za ki ga wani dogon gida mai bene, an ƙera shi da manyan katakai, an cike tsakaninsu da farin yaɓe, benen ya ɗan turo gaba bisa kan masu wucewa. A tsakiyarsa akwai wata ƙofa mai faɗi wadda keken doki yake shiga ta ciki zuwa tsakar gida. Sunan gidan Ostrich, watau jimina da Turanci.

Kafin mu shiga, bari in bayyana miki irin wannan gida. Kusan kowane tsohon ƙauye na Ingila yana da nasa. Gidan shan giya ne, ba a ɓoye wannan ba, amma a zamanin da shi ne kuma zangon matafiya. Nan ake saukar da baƙo, a ba shi abinci da wurin kwana, a ba dokinsa ciyawa. Nan mutanen gari suke taruwa da dare su ji labarin duniya daga bakin fatake. A 1393 Sarki Richard na Biyu ya yi doka cewa kowane mai sayar da giya ya rataya alama a ƙofarsa. Da yake yawancin mutane ba su iya karatu ba a lokacin, sai alamar ta zama hoto, wani ya zana zaki, wani barewa, wani kambin sarauta. Shi ya sa har yau gidajen suke da sunayen dabbobi da tsuntsaye.

Za ki ce, me ya haɗa Ingila mai sanyi da jimina? Ga abin da ake faɗi. A 1106 wani babban mai ƙasa, Miles Crispin, ya yi rashin lafiya, sai shugaban gidan ibadar Kirista na Abingdon, mai suna Faritius, mutumin Italiya kuma gwanin magani, ya yi jinyarsa. Don godiya sai ya ba gidan ibadar kyautar wani masaukin matafiya a Colnbrook. Kalmar da ake kiran irin wannan masauki da ita a harshensu ta yi kusa da sunan jimina a kunne. Wai yau da gobe baki ya yi ta lanƙwasa kalmar har ta koma jimina. Da wannan shekara ta 1106 masu gidan suke taƙama, suna cewa nasu ne na uku a tsufa cikin dukan masaukan Ingila. Sai dai masu wannan taƙama suna da yawa. Akwai wani a birnin Nottingham da ya rubuta 1189 a bangonsa. Masanan gine-gine kuwa sun ce ginin da ke tsaye a Colnbrook yanzu na wajen shekara ta 1500 ne. Ki riƙe wannan shekara a ranki, za mu koma kanta.

Arzikin ƙauyen daga hanya ya zo. Babbar hanyar da ta tashi daga Landan zuwa Bath da Bristol ta tsakiyarsa ta bi. A 1784 aka fara ɗaukar wasiƙu a keken doki daga Bristol zuwa Landan ta wannan hanya, tafiyar sa'a 16, da mai gadi riƙe da bindiga a baya. Ba don ado ake riƙe bindigar ba. Tsakanin Colnbrook da Landan akwai dajin Hounslow, wanda ya yi suna wajen 'yan fashi masu hawan doki. Saboda haka matafiyin da rana ta faɗi masa a nan, in yana ɗauke da kuɗi, gara ya kwana ya jira gari ya waye. Masaukai suka yi yawa a titin. Ana cewa a ɗaya daga cikinsu, mai suna George, Gimbiya Elizabeth ta kwana a 1555, tana tsare a hannun dogaran yayarta Sarauniya Mary, shekara uku kafin ita ma ta hau gadon sarauta. Ana kuma cewa Sarki John ya tsaya a gidan Jimina a 1215 kan hanyarsa ta zuwa Runnymede, inda manyan ƙasa suka sa ya amince da takardar nan ta Magna Carta. Wannan na biyun zance ne na baka.

To, ga labarin da ya sa gidan ya yi suna. Wai an yi wani mai masauki ana ce masa Jarman. Kada ki ɗauka sarautar Jarma ce, sunansa ne kawai. Shi da matarsa suna da wani ɗaki na musamman a bene, mai kyakkyawan gado, daidai bisa kan ɗakin girki. An kafe gadon a jikin wata ƙofa da ke cikin daɓen katako, wasu ƙusoshin ƙarfe ne suke riƙe da ita daga ƙasa. A ƙarƙashi kuma akwai ƙatuwar tukunyar da ake dafa giya. In baƙo mai kuɗi ya sauka shi kaɗai, sai su yi masa tarba ta girma, su kai shi wannan ɗaki. Da barci ya ɗauke shi sai su zare ƙusoshin, gadon ya tuntsure, mutum ya zube cikin tafasasshen ruwa ko ihu bai samu yi ba. Su kwashe kuɗinsa, su jefa gawar a kogi. In an zo cigiya su ce ai tun da asuba ya ɗaura sirdi ya tafi.

Akwai wani attajiri mai cinikin tufafin ulu daga garin Reading, sunansa Thomas Cole, wanda yakan sauka a wurinsu in ya dawo daga Landan da kuɗin ciniki. Sau da yawa suna shirya masa, wani dalili yana kuɓutar da shi. A daren ƙarshe ya iso jikinsa a sanyaye, bai san abin da ke damunsa ba. Ya nemi takarda ya rubuta wasiyya, mujiya kuwa tana ta kuka a waje. A daren suka kashe shi. Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dokin Cole ya fice daga barga, aka gan shi yana yawo ba mahayi, aka gane shi. Da bincike ya tsananta Jarman ya gudu cikin dajin Windsor, aka kamo shi. Shi da matar suka amsa cewa sun kashe mutum 60, aka rataye su. Wai kuma daga sunan Cole, wanda aka tsamo gawarsa a rafin, garin ya sami sunansa.

Daga wannan labari fatalwar ta fito. Ma'aikatan gidan da baƙi sun sha faɗin cewa sun ga wata mace da tufafi irin na zamanin Sarauniya Victoria, wasu kuma wata yarinya ƙarama. Waɗansu sun ce fitilu da na'urori suna kunna kansu. Wurin da aka fi tsoro shi ne makewayin mata, don wai nan ne ɗakin ajiyar da Jarman yake ɓoye gawawwaki, kuma wai mace takan ji wani irin sanyi ya ratsa ta in ta shiga. Har masu shirin talabijin na farautar fatalwa sun je sun kwana a gidan da kayan ɗaukar hoto.

Yanzu, 'yar makaranta, ajiye tsoro ki ɗauko hankalinki, mu yi wa labarin tambayoyi uku kamar yadda ake yi a aji.

Ta farko: wa ya fara ba da shi? Wani masaƙin alharini ne, Thomas Deloney, wanda yake rubuta waƙoƙi da labarai na sayarwa, ya mutu wajen 1600. Labarin Jarman wani babi ne cikin littafinsa mai suna Thomas of Reading, littafin hira na ƙagaggun labarai. A cikin littafin ma ba Jimina ba ne sunan masaukin, sunan wani tsuntsu ne dangin gauraka. Daga baya aka jingina labarin ga wannan gida.

Ta biyu: yaushe abin ya faru? Deloney ya sa labarinsa a zamanin Sarki Henry na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1100 zuwa 1135. Kin tuna ginin na wajen 1500 ne. Ki yi lissafi da kanki, za ki ga tsakani ya fi shekara 350. Ashe ɗakin da ake nunawa ba a ko sare itacen gina shi ba a lokacin. Masu ba da labarin a yau kuma bakinsu bai zo ɗaya ba, wani ya ce ƙarni na 12, wani ya ce na 17, bayan Deloney ya riga ya rubuta shi ya mutu.

Ta uku: ina shaida? Turawan Ingila mutane ne masu ajiye takardun shari'a, amma ba a fito da takardar da ta nuna an yi wa wani Jarman na Colnbrook hukuncin kisan mutum 60 ba. Sunan garin kuwa daga rafinsa ya zo. Akwai kogin Colne, wanda ya taso daga nesa a arewa ya gangaro ya faɗa kogin Thames a Staines. Rafin da ya ratsa ƙauyen reshensa ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

To, ƙarar da ake ji da dare fa? Duk wadda ta zauna a ɗakin kwano ta san yadda rufi yake ƙas-ƙas in rana ta faɗi ya fara hucewa. Haka tsohon katako yake yi in an kashe wutar ɗumama gida, ga iskar hunturu tana shigowa ta kowace kafa. Wanda aka cika wa kunne da labarin tukunya tun da magariba, in ya ji taku a bene ba zai ce katako ba ne. Akwai kuma maganar ciniki. A 1838 jirgin ƙasa ya fara tashi daga Landan zuwa yamma, a 1841 ya kai Bristol. Keken doki ya mutu, masaukan Colnbrook suka rasa baƙi, da yawa suka rufe. Daga baya aka yi wa motoci sabuwar hanya ta bayan gari. Gidan da matafiya suka daina bi ta ƙofarsa yana bukatar abin da zai jawo mutane, fatalwa kuwa ba ta cin abinci, ba a biyan ta albashi.

Amma kada mu ce labarin banza ne ɗungurungum. Abin da ya sa ya daɗe shi ne ya taɓa tsoro na gaskiya. Matafiyi in ya rufe ido a gidan wani, ransa da dukiyarsa amana ne a hannun maigida da uwargida. Ki lura ba ɗan fashin daji ne ya kashe Cole ba, waɗanda suka yi masa sannu da zuwa suka shimfiɗa masa gado ne. Ko'ina a duniya ba a ga laifin da ya kai cin amanar baƙo muni ba.

Ɗaya abin da nake so ki tafi da shi ya fi kusa da mu. Mutum ɗaya ya zauna ya ƙaga labari don ya sami na abinci, ga shi shekara fiye da 400 labarin yana manne da gidan da ba shi aka ambata ba. Gida dai katako ne, ba ya jin ciwo, har riba ya ci. Amma in mutum aka yi wa haka fa? Kin san yadda ake yi: yaro ya yi zazzaɓi, wata ta ce ai jiya tsohuwar nan ta dube shi, kafin mako ya zagayo an ce mayya ce, a guje ta, a ƙi auren jikokinta. In irin wannan zance ya iso zaurenki ko ɗakin kwanan makaranta, yi masa tambayoyin nan uku kafin ki kai shi gaba: wa ya fara faɗa, yaushe, ina shaida? Ku kuma iyaye mata, tatsuniya da dare abu ne mai daɗi, amma ku riƙa gaya wa yara cewa tatsuniya ce, kada yaro ya girma yana tsoron zuwa bayan gida shi kaɗai.

Kafin mu bar ƙauyen, ga wani abin da ya fito daga cikinsa wanda ba gardama a kansa. Tsakanin 1825 da 1830 wani dattijo mai suna Richard Cox, wanda ya bar aiki ya koma lambu a Colnbrook, ya shuka 'ya'yan tuffa, ya sami wani sabon iri mai zaƙi da ƙanshi. Har yau ana kiran irin da sunansa, ana kuma noma shi a Ingila da waɗansu ƙasashe. Baƙi da yawa suna zuwa neman ɗakin Jarman, kaɗan ne suke tambayar inda lambun Cox yake.

In Allah ya kai ki Ingila karatu ko ziyara, kika sauka a Heathrow, ƙauyen ba nisa. Ki je da rana, ki tsaya a bakin titi ki dubi katakan nan da suka shekara 500 suna tsaye.